Littafin Igiya da Ƙugiya na Uwaisu Garo

A Garo, duk mai neman Uwaisu ɗan Malam Hammadu mai yasar rijiya sai ya fara tambayar sana'ar da yake yi a halin yanzu, domin ita ce za ta nuna garin da za a same shi. Kafin ya cika shekara talatin da biyu ya taɓa ɗinki a Kabo na wata bakwai, ya bari ana saura kwana goma sallah. Ya shiga kwalejin horon malamai ya yi shekara ɗaya da rabi, ya dawo ya ce zaman aji ya gundure shi. Ya yi acaɓa tsakanin Garo da Kabo, ya sayar da cajar waya a Zariya, ya yi noman albasa na rani sau ɗaya. Ba raggo ba ne, ba a kuma taɓa kama shi da rashin gaskiya ba. Matsalarsa guda ce: da zarar ya gane yadda abu yake aiki, sai abin ya fice masa daga rai. Ko a kan benci ya zauna, ƙafarsa ta dama ba ta daina rawa, har abokan hirarsa sukan roƙe shi ya koma kan dutse don su sha shayinsu bai zube ba.

Matarsa Raliya ta daɗe da daina yi masa faɗa. In ya shigo gida da labarin sabuwar sana'a, takan ci gaba da tankaɗenta, ta tambaye shi kawai ko kayan sati za ta haɗa masa ko na wata.

A shekarar da aka yaye 'yarsu Bushira ya sami aiki a Gwarzo, a shagon Alhaji Lawal, inda ake buga takardu da katin biki, a yi fotokwafi, a cike wa ɗalibai fom na jarrabawa. Kullum da safe yakan hau mota daga Garo, ya koma kafin magariba. Cikin wata uku ya san duk abin da ke shagon, har ciwon firintar da ke cin takarda, kuma ƙafar ta fara rawa fiye da kullum. Ana cikin haka sai Taufiq, abokin karatunsa na firamare wanda ya zama ma'aikacin lafiya, ya kawo laftof ɗinsa a goge masa ita. A cikinta Uwaisu ya ga wani wasa da bai taɓa ganin irinsa ba. Babu harbi da gudu irin na wasannin waya. Ana ajiye mutum ne a tsakiyar sararin samaniya, a ba shi ƙarafa da injuna, ya haƙo ma'adinai daga duwatsun da ke shawagi, ya gina jirginsa yanki-yanki. In ya ɗora injin a karkace, jirgin ya tafi a karkace. Taufiq ya sanya masa wasan a tsohuwar laftof ɗin da Uwaisu ya sayo tun yana Zariya, ya tafi.

Damina ce, mutane suna gona, daga azahar zuwa la'asar shago shiru. Uwaisu ya gina jirage goma sha ɗaya a wata biyu, babu ko ɗaya da ya gama. Wani ba rufi, wani ba wurin zama. Wata rana ƙaramin jirginsa na haƙo ya ƙare da mai, ya kama sulalewa a hankali yana nisa da tashar da ya gina, ga shi cike da kayan da ya kwashe sati yana tarawa. Babban jirginsa yana iya kamo shi, amma babu abin da zai ɗaure shi da shi. Ya shiga dandalin intanet da masu wasan suke haɗuwa yana neman dabara, a can ya gano cewa mutane daga waje sukan ƙera nasu kayan su liƙa wa wasan, abin da suke kira mod. Akwai wani na igiya da ƙugiya: ka harba ƙugiyar ta maƙale a jikin jirgi ko dutse, injin ya naɗe igiyar, ka jawo abin da ka kama.

Wata mata ce ta ƙera shi, mai suna Marta. Bayanin da ta rubuta layi biyu ne da Turanci mai tsalle-tsalle, ma'anarsa dai ga igiya, ga ƙugiya, a yi hankali. A ƙarƙashinsa kuwa mutane sun fi ɗari suna zage-zage. Wannan ya ce igiyar ta tsinke, wancan ya ce jirginsa ya daki tasharsa ya tarwatse, wani ya ce matar ba ta san aikinta ba.

Uwaisu ya sauke, ya gwada. Karon farko igiyar ta tsinke. Karo na biyu ƙaramin jirgin ya taho da gudu ya fasa masa gilashin gaba. Ya jingina da kujera yana kallon tarkacen, sai ya ji abin ya yi masa kama da wani abu da hannunsa ya sani. Tun yana ɗan shekara goma yake tsayawa bakin rijiya in mahaifinsa ya shiga yasa, ya kuma sha zura ƙugiya don ciro gugar da ta faɗa. Ya san igiya ba ta son fizga. A karo na uku ya bari ta miƙe tukuna, sannan ya kunna injin naɗewar a mafi ƙarancin gudu, ya kashe tun jirgin bai iso ba. Jirgin ya taho lumui ya tsaya gefensa.

Ya rubuta haka a ƙarƙashin zage-zagen, layi shida. Washegari mutum tara sun yi godiya, huɗu kuma sun jefo sababbin tambayoyi. Nauyi nawa igiyar take ɗauka? Me ya sa ƙugiyar take zamewa daga wasu duwatsun? Za a iya haɗa igiya biyu? Bai san amsar ko ɗaya ba, rashin sanin kuwa ya hana shi sakat. A hanyar tashar mota ya sayi littafi mai shafi sittin.

Daga ranar aikin ya koma gwaji. Yakan gina akwatin ƙarfe, ya ɗaure, ya ja, ya ƙara nauyi, ya sake ja, har igiyar ta tsinke, ya rubuta. Da Hausa yake fara rubutawa a littafin, domin da ita yake tunanin igiya, sai daga baya ya juya zuwa Turanci a kwamfuta, ya ɗauki hoton allon ya zana kibiya ja a inda ake nufi. Ya gano ƙugiyar ba ta kama ƙanƙara. Ya gano in aka ɗaure jirgi ta gefe maimakon ta tsakiyar nauyinsa, zai taho yana waiwaye. Ya aika wa Marta tambaya a kan wani maɓalli da ba shi da suna. Bayan kwana uku ta amsa. Ta ce shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa injin ɗaga kwantenoni a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa mai sanyi, bayan ta yi ritaya ta koyi rubuta manhaja. Igiyar tana yin abin da igiya ta gaskiya take yi, in ji ta, amma ita ba ta iya bayani ba, kuma ta gaji da zagi. In zai rubuta, ya rubuta.

Wannan shagala ta kusa raba shi da aikinsa. Wani dattijo daga Sabon Birni ya kawo katin ɗaurin auren ɗansa, Uwaisu ya buga hankalinsa yana kan wani gwaji da ya bari a tsakiya, ya sa ranar Lahadi a maimakon Asabar. Sai da aka raba kusan rabin katunan aka lura. Dattijon ya dawo ransa a ɓace, Alhaji Lawal ya ba shi haƙuri, aka sake bugawa, Uwaisu da kansa ya hau babur ya bi gidajen da aka kai ya musanya. Da ya dawo, Alhaji ya zaunar da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba ruwansa da abin da mutum yake yi in shago ba kowa, amma daga yau in akwai takardar mutane a kan tebur, laftof ɗin nan tana cikin jaka.

"Malam Uwaisu, wannan jirgin naka, in ka gama shi, ina zai kai ka?"

"Ba inda zai kai ni, Alhaji."

"To. Na ɗauka ko akwai inda za ka."

Uwaisu ya ji kunya har cikin ƙashinsa, amma bai bari ba. Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne kuma wanda ya fi jawo wa Marta zagi. In jirage biyu suna ɗaure, ɗaya yana ɗan zagaya ɗayan, aka fara naɗe igiyar, sai zagayen ya yi ta ƙara sauri, su koma juyi kamar katantanwa, har komai ya watse. Rage gudun injin ba ya hanawa. Ya gwada ya fi sau arba'in. Ya cika shafi biyar da lambobi, bai ga inda suka dosa ba. Kowa a dandalin ya yanke cewa kuskure ne a cikin manhajar. Marta ta ce ba kuskure ba ne.

A satin ne Hadi, wani ɗan uwansa da ke Kaduna, ya kira shi ya ce ana neman hannu a aikin kafa sola, ya taho ko gobe. A da, irin wannan kiran ba ya kwana. Ya shiga gida ya faɗa wa Raliya, ta ɗauko jakarsa daga saman kwaba ta kakkaɓe, ta fara ninke kaya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya fita tsakar gida, ya dawo, ya sake fita. Da ta ɗauki littafin mai shafi sittin za ta sa a jakar, sai ta tsaya ta buɗe. Ba ta fahimci lambobin ba, amma ta ga rubutun ya kusa kai bangon baya.

"Baban Bushira, tunda na zo gidan nan ban taɓa ganin littafinka da ya wuce shafi goma ba. Wannan saura nawa?"

Ya ce saura abu ɗaya, amma ya gagare shi. Ta ce ita ba ta san sararin samaniya ba, amma in maganar igiya ce, ga Baba can a zaure yana tufka tun safe.

Malam Hammadu ya daina shiga rijiya shekara takwas da suka wuce, gwiwoyi sun ƙi. Yana zaune kan buzu, ramar da aka jiƙa tana gefensa, yana murzawa a cinya. Uwaisu ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi ƙafa, ya tambayi gona, sannan ya kewayo da tambayar ta hanyar rijiya, don bai san yadda zai fara da jirgi ba. Ya ce in guga tana zagaye a cikin rijiya, me ya sa in aka ja take ƙara haukacewa? Tsohon ya dube shi, ya tambaya ko wani ne ya faɗa. Da ya ji ba kowa, ya dafa bango ya miƙe, ya ce su je.

A rijiyar bayan gida ya zura guga ta cika, ya ɗaga ta kaɗan daga ruwa, ya kaɗa igiyar har gugar ta fara kewayawa a hankali. Ya miƙa wa Uwaisu ya ce ya ja. Uwaisu ya ja. Yana ja, da'irar tana tsukewa, gugar tana ƙara gudu, kafin ta kai rabi ta fara watsa ruwa tana juyi. Ya ji abin a tafin hannunsa. Tsohon ya ce ba jan ne yake haifar da juyin ba, juyin yana nan tun farko, igiyar ce in ta gajarce take matse shi wuri ɗaya. Shi ya sa ba a jawo mutum yana lilo. Ana jira ya tsaya, ko a sake masa igiya kaɗan, ko shi na ƙasan ya sa ƙafa ya dafa bango.

Sai a nan Uwaisu ya faɗi gaskiyar abin da yake nema. Ya ɗauko laftof ya nuna masa jiragen biyu suna juyi cikin baƙin fili. Malam Hammadu ya daɗe yana kallo, ya matso da fuskarsa.

"Ina bangon?"

"Babu bango, Baba. Babu ƙasa ma. In abu ya fara juyi ba ya tsayawa da kansa."

"To ai sai na ƙasan ya zo da ƙafarsa," in ji tsohon. Ya koma zaure. Bai tambayi amfanin abin ba, Uwaisu kuma bai san ko ya gode wa Allah a kan haka ba ko ya ji ciwo.

Yana tsaye bakin rijiyar ya gane. Kowane jirgi a wasan yana da ƙananan injuna a gefe na gyara tsayuwa. Su ne ƙafar. A kashe zagayen da su tukuna, sannan a ja. Washegari da azahar, tebur ba takardar kowa, ya gwada sau bakwai, sau bakwai jiragen suka haɗu lafiya. Ya kira Hadi ya ce a ba shi sati biyu. Hadi ya ce aikin ba zai jira ba, ya ba wani.

Bayanin da ya kammala shafi talatin da ɗaya ne, da hotuna, da jadawalin nauyi, da wani babi da ya sa wa suna abin da za ka yi in komai ya fara juyi. A cikinsa ya zana guga da rijiya da hannunsa, ya ɗauki hoton zanen ya saka. Marta ta liƙa shi a saman shafinta, ta rubuta sunansa kusa da nata. Zagin ya ragu. Wani ya juya bayanin zuwa harshensu, wani ma ya yi haka, da rubutun da Uwaisu ba ya iya karantawa, sai gugarsa kawai yake ganewa a tsakiya. Ya buga kwafi ɗaya a shago da izinin Alhaji, ya kai gida. Raliya ta sa shi cikin leda ta ajiye tare da takardar haihuwar Bushira.

Daɗin bai kai wata biyu ba. Kamfanin da ya ƙera wasan ya sabunta shi, igiyar ta lalace gaba ɗaya: ƙugiya ta fita ba ta dawo ba, wasu kuma wasan ya rufe musu. Marta ta ɓace, ba amsa. Da yake sunan Uwaisu yana sama, sai mutane suka juyo kansa. Wasu da roƙo, wasu da baƙar magana, wani har ya ce su biyun mayaudara ne. Shi kuwa ko layi ɗaya na manhaja bai iya gyarawa ba. Sau biyu ya buɗe shafin da niyyar goge sunansa ya huta. Ya kasa cin abinci a zaune, yakan ci a tsaye a ƙofar shago yana kallon titi. A ƙarshe ya rubuta a saman bayanin cewa shi ba maƙerin igiyar ba ne, bai san inda mai ita take ba, ga abin da ya gwada ya ga yana aiki, ga wanda ba ya aiki, ga kuma yadda za a kwance jirgin da ya maƙale ba tare da an yi asararsa ba. Duk sati yakan sake gwadawa ya canza kwanan watan.

Bayan sati bakwai ta dawo. Aiki aka yi mata a hannu, da yatsa ɗaya take rubutu. Ta ce ta karanta duk abin da aka faɗa masa, ta ba shi haƙuri. Ta sake gina igiyar daga tushe, ta fi ta da kyau, amma maɓallan sun canza wuri, nauyin da take ɗauka ya canza, rabin shafukansa talatin da ɗaya sun zama ƙarya. Ya karanta saƙon sau biyu, ya rufe laftof ɗin, ya yi kwana huɗu bai taɓa ta ba. A rana ta biyar ya sayi sabon littafi.

Kada a ce ya zama mutumin zama. Bayan girbi ya bar shagon Alhaji Lawal, cikin mutunci wannan karon, sai da ya koya wa wanda zai gaje shi ciwon firintar. Ya je Kaduna wurin Hadi da aka sake samun gurbi, ya yi wata huɗu, ya iya kafa sola, ya dawo. Yanzu yana bin ƙauyukan Kabo da Gwarzo yana haɗa wa masu noman rani famfo mai aiki da hasken rana, kuma ya fara maganar kiwon kifi. Amma duk inda ya je laftof ɗin tana bayansa, bayanin igiya kuma ya kai bugu na uku.

Babi ɗaya ne ya rage a wannan bugun: yadda mutum biyu a jirage biyu za su riƙe igiya ɗaya. Wannan ba ya gwaduwa da mutum ɗaya, kuma sabis ɗin Garo ba ya ɗaukar wasa da na nesa. Taufiq, wanda yanzu yake aiki a garin Jama'a, ya yarda su zauna wuri ɗaya su haɗa kwamfutocinsu da wayar kebul ranar Asabar in ya tashi daga aiki. Sau biyu suna sa rana, sau biyu haihuwa tana riƙe Taufiq a asibiti. Asabar ta uku Uwaisu ya fito a kan babur da hantsi, ya naɗe jakar cikin leda biyu saboda hadari ya haɗo daga gabas. Ya tsaya a Gwarzo ya sha mai, ya ɓata rabin awa yana tambayar wani mai kifi zurfin da ake yi wa kududdufi, har sai da iska ta fara kaɗa rumfuna. Mai kifin ya ce ya fake ruwan ya wuce. Uwaisu ya dubi sama, ya ce in ya yi sauri zai riga shi, ya tayar da babur ya kama hanyar Jama'a.